Littafin tafiye-tafiyena: baje koli, biki da ɗakin gyaɗa

Litinin, 14 ga Oktoba 2024

Yau na zauna na jera abubuwan da ke gabana daga nan zuwa Disamba, wallahi sai da kaina ya sara. Taron horaswa na masu sarrafa abinci a Bauchi cikin satin nan, sunan jikar Addata shi ma a Bauchi, baje kolin Legas farkon Nuwamba, bikin ƙanwar maigida a Bajoga tsakiyar wata, sai baje kolin Kano ƙarshen wata. Kuma a tsakanin nan dole in gama gyaran ɗakin da nake aiki a ciki saboda neman lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, don ita ce ainihin abin da ya sa nake wannan fafutukar. Garin kunun gyaɗa nake yi, da ƙuli-ƙuli da yajin ƙuli da ɗan man gyaɗa, a nan gida Pantami, cikin garin Gombe. Rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, na gama tun bara, amma duk babban shagon da na kai kaya maganar ɗaya ce, ina lamba.

Ɗakin an riga an yi filasta, saura tayil, ragar taga, wurin wanke hannu a bakin ƙofa da teburin ƙarfe. Mai tayil yace N185,000 kaya da aiki, na ba shi rabi. Na sayi gyaɗa ɓararriya buhu biyu a Tudun Hatsi, sabuwa ce, ta ɗan sauko saboda kaka amma ba kamar yadda muka saba ba.

Autarmu ce za ta riƙe aikin idan bana nan. Ta iya suya, ta iya murza, abin da bata taɓa yi ita kaɗai ba shi ne awo da lissafi. Daga yau na fara rubuta mata komai a takarda ina liƙawa a bango.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Bauchi. Na fito da sassafe, mota N5,000, wai saboda litar mai ta haura dubu. Mun ɗan tsaya Alkaleri aka sauke wata mata da kaya, muka wuce gadar Dindima ruwa cike har yanzu, kafin tara da rabi ina cikin gari.

Taron nan ya amfane ni fiye da yadda na zata, musamman maganar gubar da ake kira afilatoksin. Ni da nake cikin gyaɗa kullum na san dai ana tsince mai funfuna don tana ɓata ɗanɗano, ashe maganar ta wuce ɗanɗano. Funfunar da ke kama gyaɗa idan bata bushe sosai ba ko an ajiye ta a wuri mai laima ita ke haifar da gubar, tana illa ga hanta, kuma abin da ya fi tayar min da hankali shi ne suya bata kashe ta. Wato ka soya, ka niƙa, ka matse mai, ka yi ƙuli, tana nan. Malamin yace maganin tun daga gona yake, kar a shanya a ƙasa tsirara sai kan tampol, kar a jingina buhu da bango ko a ajiye kan siminti sai an sa katako a ƙasa, sannan a tsince motsattsu da baƙaƙe da fasassu a zubar, ba a ba kaji ko yara ba. Ya ambaci Aflasafe, maganin rage wannan gubar da cibiyar binciken noma ta IITA ta samar wanda manomi ke watsawa a gona, da irin SAMNUT 24 na cibiyar bincike ta Samaru mai saurin nuna. Wannan na rubuta don Kawuna da ke noma min a wajen Kumo, zan kai masa maganar da bakina, in a waya ne zai ce to kawai.

Tun daga cikin zauren na kira Auta nace maza ta sa almajirai su ɗaga buhunan nan biyu a sa katako. Tace Adda ai jiya kika ajiye su, nace ko awa ɗaya kar su ƙara.

Asabar, 19 ga Oktoba

Suna a Yelwa. Na kwana gidan Adda tun Juma'a bayan an rufe taro, da ni aka yi aikin waina da asuba. Na kai turmin atamfa da sabulai da kayan jariri, sai garin kunu leda goma na mai jego, wanda daga baya ya jawo min oda don mata suna ta tambayar waye ya yi. Komai da komai sunan ya ci kusan N38,000. Goggonmu ta kama hannuna a tsakar gida tace ta ji wai har Ikko zan tafi tallan ƙuli, tace ke 'yar nan taura biyu bata taunuwa, ko gida ko kasuwa. Nace Goggo ki dai sa min albarka. Ta sa, amma fuskarta bata saki ba. Na dawo Gombe bayan la'asar.

Laraba, 23 ga Oktoba

Babu wuta tun shekaranjiya, kuma ba unguwarmu kaɗai ba, kusan duk Arewa ne, ana cewa manyan layukan da ke kawo wutar ne suka samu matsala. Wannan ya zo min a mummunan lokaci don satin nan ne na ware na haɗa kayan Legas. Mai injin niƙan da nake kai wa na wuta ne, ya rufe. Wanda ke da injin dizal a bayan kasuwa ya ninka kuɗi kuma layi har titi, sannan injinsa da shi ake niƙa barkono da masara da komai, dole sai na biya an wanke an fara zuba shinkafa kaɗan ta share kafin a sa nawa, in ba haka ba garin kunu ya fito da yaji. Injin liƙe leda shi ma sai wuta. Mun tada ƙaramin janareta, yana ja amma zafin baya kai yadda ya kamata, sai ka danna sau biyu. Mai na N11,000 muka ƙona yau kaɗai.

Ruwa ma ya yi tsada tunda masu borehol ba sa samun wutar turawa, kura ɗaya ta 'yan garuwa yanzu sai ka yi da gaske. Mai tayil ya zo ya shimfiɗa rabin ɗaki ya tsaya, wai injin yanka tayil ɗinsa babu wuta.

Asabar, 26 ga Oktoba

Suya da murza tun safe. Wuta shiru. An gama ƙuli, saura yaji.

Talata, 29 ga Oktoba

Kaya sun haɗu da ƙyar: garin kunu leda 300, ƙuli-ƙuli 250, yaji roba 120, man gyaɗa ban ɗauka ba saboda nauyi da tsoron zubewa. Mu huɗu ne daga ƙungiyarmu ta mata muka haɗa kuɗin rumfa ɗaya, ni da mai kilishi da mai turaren wuta da mai zuma, kowa N70,000. Kuɗin mota zuwa Legas N42,000, kaya kuma aka caje ni N25,000 daban.

Da yamma na leƙa Kumo na yi wa Inna sallama, tafiyar bata kai awa ɗaya ba amma rabona da zuwa tun kafin Mauludi. Na same ta tana cewa kanta na yawan ciwo, tace rana ce. Na bar kuɗin magani a hannun yayana Hamma nace a kai ta a gwada jini. Na ga Kawu ma na yi masa bayanin tampol, yace in na saya masa zai shanya a kai, na yarda.

Yara na barsu hannun Abbansu da Auta. Ƙaramin ya riƙe min mayafi yana kuka sai da aka saya masa alawa.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Legas. Ban samu rubutu ba sai yau. Tafiyar nan ba wasa ba ce, Bauchi, Jos, Akwanga, Abuja, Lokoja, Okene, har Ibadan, muka kwana a hanya ƙafafuna suka kumbura kamar an hura. Ina zaune a motar ina tunanin jirgin ƙasa da ya iso Gombe tun 1963 yana kwasar auduga da gyaɗa zuwa kudu, tashar tana nan, layin dogon yana nan, mu kuma jikokin masu gyaɗar muna maƙale a bas da kwalaye a kan cinya.

Da muka sauke kaya na buɗe kwalin farko gabana ya faɗi. Ledojin garin kunu da aka liƙe da janareta bakinsu ya buɗe, gari ya zube cikin kwali ya haɗu da ƙura, na ƙirga 46 da ba za su sayu ba. Waɗanda aka liƙe kafin ɗauke wuta ko ɗaya bai buɗe ba. Na zauna a ƙasan rumfa ina ware masu kyau ina gogewa da tsumma ɗaya bayan ɗaya, mai zuma ta taya ni, Allah ya saka mata. Sauran da bakinsu ya yi rauni na nemi wani mai rumfar kayan wuta a kusa da mu, Bayerabe ne, ya ara min soket na sake liƙewa da ƙaramin injin da na zo da shi, bai karɓi ko sisi ba sai ƙuli leda biyu.

Wurin baje kolin dandalin Tafawa Balewa ne, ƙungiyar 'yan kasuwa da masana'antu ta Legas ke shiryawa, kwana goma ake yi. Na ji wani iri da na ga sunan, mutumin da kabarinsa ke Bauchi, na wuce ta kusa da wurin sati biyu da suka wuce. Masauki muna Obalende gidan wata 'yar Kaltungo da ke aure a nan, kusa ne sosai, kuma unguwar cike da 'yan Arewa, in ka fito da daddare ka ji ƙamshin tsire sai ka ɗauka gida kake.

Talata, 5 ga Nuwamba

Ciniki na tafiya amma ba yadda na lissafa ba. Yajin ƙuli shi ke gudu, mutanen nan sun san shi da yajin suya, ba sai ka yi bayani ba, saura roba talatin da wani abu. Garin kunu kuwa sai ka yi ta magana. Jiya na sayi ƙananan kofuna na dama kunu a fulas tun daga masauki ina ba mutane ɗanɗano, to nan ne aka fara saya, wata mata ta sha ta juyo ta ɗauki biyar wai na yaye ɗanta. Amma kusan duk wanda ya ɗaga leda sai ya juya bayanta yana neman lamba da ranar lalacewa da abin da aka haɗa a ciki. Sitikata sunan kaya ne kawai da lambar waya. Wani mai shaguna uku ya tsaya ya daɗe, ya ɗanɗana komai, yace yana son katan hamsin duk wata, da na ce lambar tana hanya sai ya ba ni katinsa yace in kira shi ranar da ta fito. Na sa katin cikin jakar da nake ajiye kuɗi.

Ƙuli kuma iskar garin nan bata yi masa ba. Laima ce ko ina, wanda na buɗe don ɗanɗano kafin azahar ya yi laushi ya daina ƙaras-ƙaras, har na cikin leda mai siriri ya fara sanyi. A Gombe sai ya yi wata a wannan ledar ba abin da ya same shi. Na ga masu kaya irin nawa daga wasu jihohi suna amfani da leda mai kauri mai zif wadda cikinta ke da azurfa, na tambayi farashi, ta ninka tawa sau huɗu, amma babu makawa.

Bayan magariba Hamma ya kira. Inna ta yanke jiki ta faɗi a bakin rijiya, sun kawo ta asibiti Gombe, jininta ya hau sosai. Ashe gwajin da na bar kuɗinsa ba a je ba, ita ce ta ƙi wai ta warke. Ban san lokacin da na zauna a kan kwali ba. Hamma yace an sa mata ruwa tana magana, hannu da ƙafa duk suna motsi, likita yace Allah ya taƙaita. Nace gobe zan taho. Aka ba ta wayar, muryarta ƙasa-ƙasa, tace ke 'yar nan kar ki kuskura ki baro dukiyar mutane a titi, ga yayanki ga ƙanwarki, me za ki zo ki yi min da ba su yi ba. Na yi ta kuka a bayan rumfa. Maigida ya je asibitin da kansa ya kira ni ta bidiyo na gan ta da idona, sannan na iya kwanciya, barci dai bai zo ba.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

An sallami Inna jiya, tana gidana a Pantami, na roƙi Hamma kar a mayar da ita Kumo sai na dawo. An hana ta gishiri da yawa, an ba ta maganin da za ta riƙa sha kullum, kuma abin da na fi jaddada wa Auta kenan, maganin hawan jini ba a dainawa don an ji sauƙi. Na tura N30,000 nawa kason na asibiti.

Na yanke ba zan jira rufewa ranar Lahadi ba. Da safe na shiga Shomolu inda masu buga takardu suke, na ba da aikin sabuwar sitika mai jerin kayan haɗi da gurbin kwanan wata da gurbin lamba, guda 2,000 a N48,000, za su sa min a mota. Ragowar kaya na bar wa mai kilishi ta ƙarasa sayarwa, mun rubuta adadi mun sa hannu. Gobe da asuba zan kama hanya.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Gida. Inna ta rame amma tana cin abinci, har tana yi wa Auta faɗan ta cika wuta a suya. Na zauna kusa da ita tun da na iso ban ko buɗe jaka ba sai dare.

Lissafin Legas: abin da ya shigo hannuna N412,000, saura na wajen mai kilishi. In aka cire rumfa, mota zuwa da dawowa, kaya, abinci da ledojin da suka fashe, ribar bata taka kara ta karya ba. Amma na dawo da lambobin mutum tara masu shago, kuma na ga da idona abin da kayana suka rasa.

Abin da ya faranta min rai shi ne littafin Auta. Duk odar da ta shigo bayana ta rubuta, wanda ya biya da wanda bai biya ba, har kuɗin ɗan acaba. Wuta ta dawo tun ƙarshen wata, mai tayil ya gama, sai dai ya bar gefen ƙofa ba daidai ba ruwa na kwanciya, zai dawo ya gyara.

Laraba, 13 ga Nuwamba

An sa ragar taga da wurin wanke hannu, N54,000. Ɗinkin anko bai fito ba, tela yace gobe.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Bajoga. Biki tun Laraba aka fara, sa lalle da kamu duk ban samu ba, jiya Juma'a na iso da yara. Na san za a yi magana kuma an yi. Ina shiga ɗakin Hajiya, mahaifiyar maigida, na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da kyau ta tambayi jikin Inna, amma wata ƙanwarta da ke gefe tace a'a, 'yan Legas an samu sauka, mu da muka ɗauka sai buɗan kai. Hajiya ce ta tare tace uwarta ce ba lafiya, zumunci a ƙafa yake kuma ga ƙafar ta kawo ta. Wallahi ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba, don ni kaina abin na damuna, yarinyar nan a hannuna ta yi sakandare, ni ya kamata in zauna kusa da ita ranar kamu.

Na yi ƙoƙarin cike gurbin da aiki. Tun asuba ina wajen tukwane, ni na karɓi rabon abincin 'yan ɗaurin aure, da yamma kuma muka yi jere. Gudummawata man gyaɗa jarka ɗaya da ƙuli da yaji na gara, sai N40,000 a ambulan. Da za a kai amarya ta riƙe ni tana kuka tace Adda na ɗauka ba za ki zo ba. Motocin kai amarya sun bi ta hanyar Ashaka, manyan motocin siminti sun cika titi, sai bayan isha muka isa.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Na cike takardun NAFDAC ta intanet a shafinsu na NAPAMS, wani yaro mai shagon kwamfuta a Jekadafari ya taya ni ɗora takardu. Abin da ya rage su zo duba ɗaki su ɗauki samfur. Sitika ta iso daga Legas, ta yi kyau sosai. Mai kilishi ta turo N96,000 cikon kuɗina. Inna ta matsa sai ta koma Kumo wai awakinta, mun lallaɓa ta ta ƙara sati. Na sayi na'urar gwada jini ta gida N22,000, na koya wa babbar 'yata, ita ke gwada kakarta safe da yamma tana rubutawa.

Suya ba tsayawa don kayan Kano. Sanyi ya fara shigowa, ƙuli na bushewa da kyau.

Litinin, 25 ga Nuwamba

Yau kam hanya ta gwada ni. Na tsara in tsaya Dukku in yi wa ƙawata ta'aziyyar mahaifinta tunda hanyar Kano ce, na yi hakan, na zauna kamar awa ɗaya aka yi addu'a, na sake hawa wata Sharon. Kayan kuma tun jiya na ba wani direba kwali goma sha biyu da alkawarin zai sauke min su a Kano yau da safe.

Kafin mu kai Darazo motarmu ta fara hayaƙi, direba ya gangara gefe, wai bel ya tsinke kuma ruwa ya ƙone. Daji ne, sabis na zuwa yana ɗaukewa, ga hazo ga iska mai sanyi, akwai mai jariri a cikinmu. Direban ya hau mashin ɗin wani Bafulatani ya tafi neman makanike, muka zauna ƙarƙashin wata tsamiya tun sha ɗaya har bayan la'asar. Ƙulin da ke jakata shi muka ci, wani dattijo ya sayo nono a rugar da ke kusa aka raba a murfin fulas. Da aka gyara kuma tafiyar a hankali, Birnin Kudu muka yi magariba, Wudil cunkoso a kan gada, sai wajen goma na dare na shiga gidan ƙanwar Babanmu a Hotoro.

Ina sauka na kira direban kaya, waya a kashe. Na kira wanda ya haɗa mu, yace ai motar bata tashi jiya ba sai yau, bata cika ba. Ba wanda ya ga ya dace ya gaya min.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Jiya haka na zauna a rumfa a filin baje koli na Zoo Road da teburi babu komai sai leda shida na samfur, mutane na wucewa suna tambaya ina ba su haƙuri, rumfar da na biya N60,000. Kayan sai yau da hantsi suka iso, kwali ɗaya ya jiƙe da wani abu mai warin dizal, yaji roba ashirin na ciki dole na ware su gefe, ba zan sayar wa mutane ba. Direban ko haƙuri bai bayar ba, wai haka hanya take. Daga yau kayana ƙafata ƙafarsu, ko zan biya kujera biyu.

Amma Kano Kano ce. Daga azahar zuwa dare na sayar da abin da ya fi na kwana biyu a Legas, nan ba sai na yi bayanin kunun gyaɗa ba, tambayar kawai da shinkafa ne ko da gero, kuma akwai tsamiya a ciki ko sai an sa. Wani tsoho ya tsaya yana ba ni labarin dalar gyaɗa, yace yana yaro ya ga ana ɗora buhuna har sama, yace cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 ce ta karya noman, ga kuma man fetur da ya ɗauke hankalin gwamnati. Ya sayi leda ɗaya ya sa min albarka mai yawa.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Cika sosai yau, ban zauna ba. POS ya ƙi aiki da rana sai tiransifa, mutum biyu sun nuna min alat bai shigo ba, na riƙe kaya sai da ya shigo. Da safe kafin a buɗe na shiga Sabon Gari na sayi leda mai zif ɗin nan guda 1,000, ta fi ta Legas sauƙi. Wata mai shago a Zariya ta karɓi katan biyar a take ta biya. Auta ta kira tace an kira daga ofishin NAFDAC na Gombe, za su zo duba ɗaki nan da sati biyu. Babbar 'yata kuma tace jarrabawa Litinin za su fara, tace Umma yaushe za ki dawo, nace Talata in sha Allahu.

Talata, 3 ga Disamba

Na dawo, kaya sun ƙare tas sai robobin da suka ɓaci. Kano ta kawo N655,000, kuma ita ce ta rufe ramin da Legas da asibiti da biki suka haƙa. Jikina duk ciwo, murya ta dishe. Inna ta koma Kumo ranar Asabar, na'urar gwajin na bi ta da ita, matar Hamma ce za ta riƙa dubawa.

Lahadi, 8 ga Disamba

Na je Kumo na wuni, na kai wa Kawu tampol biyu N26,000 ko da yake shanyar bana ta wuce, na baɗi ne. Jinin Inna ya daidaita, ta dafa min miyar kuka ba gishiri sosai tana ta mita.

Abin da ke gaba: teburin ƙarfe zai iso Talata, sai fenti na ƙarshe da rigunan aiki da hular kai na ni da Auta da yarinyar da ke taya mu, sai gwajin lafiyar masu aikin abinci da za mu je mu yi. Na yanka wa Auta albashi daga wannan watan, N25,000 da kaso a kan duk katan da ya fita, mun yi maganar a gaban maigida. Baje kolin Kaduna yana zuwa farkon shekara, kuma azumi zai kama wajen farkon Maris, lokacin da garin kunu ya fi tafiya, don haka ɗaya daga cikinmu ce za ta je ɗaya ta tsaya kan suya. Na fi so Auta ta je tare da mai zuma ta ga yadda ake yi, ni in zauna kusa da Inna, saura in shawo kan Hamma don shi ne zai ce budurwa bata kwana a wani gari. Gyaɗa zan ƙara buhu huɗu kafin ta tashi, in kuɗin Zariya na biyu ya shigo.